Dutsen da Kawu Ya Ture

Ku matso kusa, yau labarin Kawuna zan ba ku, yayan mahaifiyarmu, mai walda. In kun taɓa wucewa ta titin da ya miƙe zuwa bayan gari kun ga shagonsa ko ba ku lura ba. Rumfar kwano ce tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, kullum ƙofofin ƙarfe jingine a gabanta suna jiran masu su. Shekara talatin da 'yan kai yana wannan sana'a. Hannayensa duk tabon tartsatsi, rigunan aikinsa kuwa sun huhhuje kamar rariya.

A bangon ciki, sama da injin walda, akwai ƙugiyoyi biyu da ya ƙera da kansa. A nan yake rataye kekensa, wani ja mai ƙattin tayoyi masu haƙora, irin na hawan duwatsu. Ba mai taɓa shi. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce da a ce yana goge 'ya'yansa yadda yake goge keken nan, da sun fi kowa ƙyalli a unguwa.

Likita ne ya jawo masa. Yana da shekara arba'in da biyu aka ce jininsa ya hau, ya nemi abin motsa jiki. Ya fara da zagaya unguwa, ya gaji da hayaƙin motoci, sai ya bi wata hanyar awaki da ta haura tsaunin bayan gari. Ranar farko rabin hanya a kafaɗa ya ɗauko keken. Rana ta biyu ya dawo gwiwa a goge. Kafin shekara ta zagayo ya ja mutum huɗu, daga baya suka kai ashirin da wani abu: malamin lissafi da suke kira Dogo, wanda suka ɗora a matsayin shugaba saboda shi kaɗai ke zuwa a kan lokaci, da direbobi, da ma'aikatan asibiti biyu, da wani mai aski da ba ya jituwa da birki. Duk Asabar da safe a gaban shagon Kawu ake haɗuwa, a duba iskar taya, a ɗaura hular kwano, a ɗau hanya.

To, gangarar ƙarshe ta hanyar nan gefen gonar wani dattijo take bi, don haka tun farko Kawu ya je ya nemi izini. Mai Gona ya dube su, ya dubi kekunan, ya ce shi dai bai ga abin da zai sa babban mutum ya hau dutse don kawai ya sauko ba, amma su bi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a sare masa itace, kada a matsar da dutse. Abin da aka tarar a bar shi yadda yake. Wannan ta zama dokar ƙungiya, kuma duk sabon da ya shigo Kawu ne ke karanta masa ita, yana kaɗa yatsa.

A daidai inda gangarar ta fi tsanani, sama da gonar kaɗan, akwai wani baƙin dutse mai faɗi, tsayinsa ya kusa gwiwa, kwance a karkace ya tare hanya. In za ka haye shi sai ka ɗaga tayar gaba, ka ja jikinka bayan sirdi, ka duƙa sosai. Shi ya sa suka sa masa suna Suruka, wai ba mai wuce ta bai rusuna ba. Wanda bai iya ba sai ya sauka ya tura, a yi ta masa dariya har gida. Kawu kuwa shekara goma sha biyar bai taɓa sa ƙafa a ƙasa a gaban Suruka ba. Daga nan ya samo sunan da suke kiransa, Baba Akuya. Yakan yi kamar sunan yana ɓata masa rai, amma har a jikin keken ya rubuta shi da farin fenti.

Sai idanu suka fara ba shi matsala. Kun san walda da ido. In ya fito daga hasken rana ya shiga inuwar itacen da ke kan Suruka, sai komai ya haɗe masa, ya kasa gane inda dutse ya ƙare, inda ƙasa ta fara. Sau biyu ya faɗi shi kaɗai, ya karkaɗe jikinsa bai gaya wa kowa ba. Wata Asabar da suka iso wurin, sai ya tsaya ya ce sarƙa ta zame. Asabar ta gaba ya ce ana kiransa a waya. Ta uku sarƙar ta sake zamewa.

Mai Aski ya tsaya a ƙasa yana jiransa, ya ce, "Baba Akuya, sarƙar nan taka akwai ladabi. Da ta hango Suruka sai ta cire takalmi."

Aka kwashe da dariya. Kawu ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Ga shi kuma tseren shekara ya matso. Ba wani babban abu ba ne, kofi ɗaya ne da ake ta zagayawa da shi, amma mutanen gari na fitowa kallo, kuma kowa a Suruka yake taruwa don a nan ake ganin gwani, a nan ake ganin faɗuwa. Kawu ya riga ya ba da sunansa a rukunin dattawa. Ya yi ta juya abin a ransa: shi, Baba Akuya, ya sauka ya tura keke a gaban mata da yara da masu ɗaukar hoto da waya.

Ranar wata Talata da tsakar rana, lokacin da ya san ba mai hawa, ya rufe shago, ya ɗauki rodi mai kauri ya ɗaure a jikin keke ya haura. Ya fi awa guda yana fama. Ya tona gefe, ya cusa rodin, ya sa ƙaramin dutse ya yi masa matashi, ya danna da duk nauyinsa. Da Suruka ta motsa sai ta mirgina sau biyu ta faɗa cikin ciyawa. Ya cike ramin da ƙasa, ya tattake, ya watsa busasshen ganye a kai. Ya ce min a lokacin har wani sanyi ya ji a ransa. Ya koma sama ya gangaro, ya wuce sumul kamar a kan kwalta.

Ranar Asabar da aka iso wurin aka yi cirko-cirko.

Dogo ya ce, "Kai! Ina Suruka?"

Wani ya ce aikin Mai Gona ne, ai kwanaki ya yi faɗa an taka masa masara, ƙila dutsen yake so ya yi shinge. Sai kowa ya kama. Aka juyo wajen Kawu, tunda shi ne babba kuma shi ya san mutumin.

Kawu ya goge gumi ya ce, "To, gonarsa ce."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Har yau in ya tuna kalmomin nan uku sai ya sunkuyar da kai, ya ce sun fi rodin nauyi.

Abin da bai sani ba, Suruka ba haka kawai take kwance a karkace ba. Ita ke tare ruwan da ke gangarowa daga tsauni ta kauda shi hagu, ya faɗa kwari. Da aka cire ta sai ruwa ya samu hanya miƙaƙƙiya. Ranar Alhamis kafin tsere Kawu ya hau duba hanya, don aikinsa ne duk shekara, ya tarar ruwa ya fara cin wurin, ya yi wata 'yar kwata siririya. Ya kwaso ƙasa da hannu ya cike, ya sake rufewa da ganye. Da Dogo ya kira shi ya tambaya yaya hanya, ya ce lafiya lau. Ranar Juma'a aka wuni ana tafka ruwa.

Safiyar tsere gari ya washe tas. Ni da Inna muka samu wuri a kan wani tudu kusa da inda Suruka take a da. Mutane sun cika, wasu da lema, wasu da kujerun roba, wasu na buga murfin tukunya da cokali don ƙarfafa nasu. A can sama ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji usur, can sai ka hango hula na ɓullowa tsakanin itatuwa. Na farko ya zo a hankali, tayarsa ta ɗan nutse ya wuce. Na biyu ya yi tangal-tangal ya tsira. Kowanne ya wuce sai ya ƙara kwashe ƙasar da ke saman ramin, mu kuwa muna ta tafi ba mu san komai ba.

Na biyar Mai Aski ne. Tun daga nesa aka gane shi, don shi kaɗai ke saukowa yana ihu. Ya san babu Suruka, don haka ko ɗan yatsa bai ɗora a birki ba. Tayar gaba ta lume cikin ramin har rabi, keken ya tsaya cak, shi bai tsaya ba. Ya tashi sama ya sauko a kan hannun dama. Ƙarar da na ji ba na so in sake jin irinta. Murfin tukunya ya yi shiru.

Kawu yana can sama yana jiran rukunin dattawa. Da labari ya kai masa, da ƙafa ya sauko, yana jan keken. Na ga fuskarsa lokacin da ya leƙa ramin. Na ɗauka tausayi ne.

Aka tafi da Mai Aski asibiti, aka fasa tsere. Su Dogo kuwa rai a ɓace suka gangara gona. Suka tarar da dattijon tsaye cikin laka, ruwa ya ratsa tsakiyar gonar ya kwantar da masara kunya bayan kunya. Ba su ko gaishe shi ba suka hau shi da faɗa.

Ya ce, "Ni? Dutsen da mahaifina ya kafa da hannunsa don ya kare gonar nan? Ku dubi masarata. Mahaukaci ne ni da zan buɗe wa ruwa ƙofa?"

Wani daga baya ya ce ai mugu ba ya lissafi. Dattijon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka kan Kawu.

"Kai ma da kai, mai walda? Kai da ka zo ka roƙe ni?"

Kawu ya dubi takalminsa.

Kafin yamma Mai Gona ya sare ƙaya ya toshe hanyar sama da ƙasa. Kafin mako ya ƙare labari ya cika kasuwa, wai wani manomi ya haƙa wa masu keke rami. Matan da ke sayen kayan lambu a wurinsa suka koma wajen wani. In ya zo wucewa da kwandonsa sai a yi ta nuna shi da baki.

Kawu fa ya rame a tsaye. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ya haɗa wa wani ƙofa, aka kai aka dawo da ita, wai ta karkace ta ƙi shiga, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Keken ya yi ƙura a kan ƙugiya. Inna ta zuba masa ido kwana goma, ran na sha ɗaya ta ajiye masa shayi ta zauna a gabansa.

Ta ce, "Baban yara, ranar Talatar nan da ka dawo na shafa maka magani a baya, ƙofar wa ka je kafawa?"

Ya ce, "Wace Talata?"

"Wadda rodinka ya dawo da jar ƙasa har wuya. Ni na wanke wandon. A iya sanina ba a gina gida a kan tsaunin nan ba."



Ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba bakina ya kamata ya faɗa ba. Amma ka sani na daina zuwa kasuwa ta layin mutumin nan. Ba na iya haɗa ido da shi, ni da ban ture komai ba."

Washegari ya daure ya je duba Mai Aski a shagonsa. Ya same shi zaune a kujerar masu jira, hannu cikin filasta rataye a wuya, kujerar aski ba kowa, almakashi da injin aski jere a kan tawul kamar kayan gado. Wani ya leƙo, ya ga hannun, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya wuce shagon gaba.

Mai Aski ya ce, "Baba Akuya, dubi kanka kamar daji. Zauna in gwada da hagu, in kunne ya tafi ai kana da wani."

Kawu ya ƙaƙaro murmushi. Ya tambaye shi me likita ya ce.

"Ƙashi biyu ne a wuyan hannu. Wai zai haɗe, amma ba su yi min alkawarin yatsun za su koma yadda suke ba. Bar shi, tsohon mai gonar nan zai gani. Dogo ya rubuta takardar ƙara, ranar Asabar kowa zai sa hannu a shagonka, mu kai wa hukuma. Kai za ka fara, kai ne babba."

Asabar ta zo. Mutum goma sha tara a gaban rumfar, ba keke ko ɗaya tunda babu hanya. Dogo ya shimfiɗa takardar a kan teburin ƙarfe, ya karanta ta da muryar aji, ya miƙa wa Kawu biro. Kawu ya karɓa. Ya daɗe yana kallon layin da aka bar masa. Sai ya ajiye biron, ya shiga ciki, ya fito da rodin ya ɗora a kan takardar.

Ya ce, "Da wannan na ture ta."

Dogo ya ce, "Ka ture wa?"

"Suruka. Ni ne. Ranar Talata. Ramin ma na gan shi ranar Alhamis, na rufe da ganye na ce maka lafiya lau. Idona ya daina ganin dutsen, na kasa hayewa, kuma na kasa sauka a gabanku."

Ana jin mai faci yana buga taya a gefe.

Mai Aski ne ya fara magana. "Baba, don wannan? Da ka sauka ka tura, wa zai ce maka wani abu?"

Kawu ya ce, "Kai."

Kawu ya yi saurin ɗaga hannu. "A'a, kada ka ɗauka. Bakinka wasa ya yi. Ba bakinka ne ya ɗauki rodi ba, ba shi ne ya tsaya a gonar mutum ya yi shiru ba."

Mai Aski ya tashi ya tafi bai waiwayo ba. Dogo ya zare takardar daga ƙarƙashin rodin, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce, "Dokar nan ta kada a matsar da dutse, daga bakinka na fara jin ta." Shi ma ya tafi.

A ranar Kawu ya je gona shi kaɗai. Ya tarar da dattijon yana tayar da abin da ya rage na masara. Ya cire hula ya durƙusa cikin laka ya faɗi komai. Mai Gona bai daina aiki ba har ya gama.

Sannan ya ce, "Na sani. Ranar na ga sawun rodi a gindin ramin, na ga yadda aka yi masa matashi. Manomi da gatari da fartanya yake aiki. Na ce bari in ga kwana nawa mutumin nan zai iya."

Kawu ya ce a yafe masa, zai yi duk abin da aka ce.

"Masara ta tafi, wata za ta fito. Sunana fa? A nan ka ɓata shi? A kasuwa aka ɓata shi. Can za ka je ka gyara."

Haka aka yi. Ranar kasuwa Kawu ya tsaya kusa da kwandon dattijon, layin masu kayan lambu, ya yi ta maimaita wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne ya cire dutsen, mutumin nan ba ruwansa. Wasu suka yi salati, wasu suka yi tsaki, wata tsohuwa ta sa ya sake faɗa wai ba ta ji da kyau ba, alhali ta ji. Inna na tsaye a bayansa riƙe da jaka har aka tashi.

Mayar da Suruka kuwa ya fi cire ta wuya nesa ba kusa ba. Abin da mutum ɗaya ya ture sai da mutum bakwai suka taru da sarƙa da rodi biyu, suka wuni suna nishi. Mai Gona na tsaye da sanda yana cewa a ƙara karkata ta hagu, a'a ya yi yawa, a dawo da ita kaɗan. Sai bayan girbi ya janye ƙayar. Duba hanya kuma aka ba wata ma'aikaciyar asibiti, ba wanda ya ce wa Kawu komai, shi ma bai tambaya ba. Ya sa tsumma da fetur ya goge sunan da ke jikin keken.

Har yanzu yana hawa duk Asabar. In an iso Suruka yakan kama birki tun daga nesa, ya sauka, ya ɗaga keken ya tsallaka da ƙafa. Sauran sukan jira shi a ƙasa, kowa ya kama duba tayarsa ko shan ruwa. Ba mai dariya. Ya ce min wannan shirun ya fi kowace tsokana ciwo.

Mai Aski ya koma aiki bayan wata huɗu. Bai daina gaishe da Kawu ba, amma sai da aka daɗe kafin Kawu ya iya zama a kujerarsa. Yatsu biyu na ƙarshe ba sa lanƙwasuwa sosai, don haka yanzu wani irin riƙo yake wa almakashi, aski kuma yakan ɗauke shi lokaci fiye da da. Kawu na zuwa duk bayan mako biyu. Yakan zauna a lulluɓe da ƙyalle, madubi a gabansa, hannun na kai da kawowa a saman kansa, tabon ɗinki a fili.

Rannan ina wurin, Mai Aski ya dafa wa Kawu kai ya ce, "Baba, ɗago mana. Kullum sai ka sunkuya kamar ka ga Suruka. Ta yaya zan gyara maka gaban goshi?"

Kawu ya ɗago. Amma idonsa a rufe yake har aka gama.